Goyo a Baya, Alƙalami a Hannu



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin marubuta, musamman ranar ƙaddamar da littafi, wato a ce littafi ɗa ne, wanda ya wallafa kuwa ya haihu. Maza sun fi kowa son wannan magana. Mu mata da muka taɓa durƙusawa a gaban ungozoma, muka kuma taɓa cika takarda da rubutu, idan mun ji sai mu yi murmushi kawai. Lalle akwai kama, amma akwai bambancin da mu muka fi saninsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciki in ya cika wata tara, ko uwa ta shirya ko ba ta shirya ba, naƙuda za ta zo. Littafi kuwa sai ya shekara tara a ƙarƙashin katifa bai motsa ba. Jariri in ya ji yunwa zai tsala kuka har maƙwabta su ji, dole a ajiye komai a ɗauke shi. Littafi ba ya kuka. Ko an manta da shi wata shida ba zai ce uffan ba, sai dai ranar da aka ɗauko shi a tarar gara ta fara cin gefensa, ɗanɗanon labarin kuma ya gudu daga zuciya. To duk gidan da mai kuka da marar kuka suke neman hannu ɗaya, an san wanda zai samu.

Abin da ya sa muka kawo wannan batu shi ne yawan ƙannenmu mata da suke shigowa ƙungiya da zafinsu, ga baiwa ga basira, a karanta gajeren labarinsu a taron wata kowa ya yaba, sai kuma a ji an ɗaura aure, bayan shekara guda a ji an yi suna, daga nan shiru kamar an shuka dusa. In an haɗu a wajen biki aka tambayi ina aka kwana kan littafi, amsar guda ce: "Wallahi Yaya, yara ne." Mun san wannan amsa domin mu ma mun sha bayar da ita. Littafinmu na farko mun fara shi muna da goyon fari, ba mu riƙe shi a hannu bugagge ba sai da aka yaye na uku. Shekara 7 ke nan cur. Abin da muka gani a cikin waɗannan shekaru shi muke so mu shimfiɗa a nan, ko wata za ta rage wa kanta tsawon hanya.

Bari mu fara da lokaci, tun da shi ne jarin marubuci. Ranar uwa tana farawa tun kafin kiran assalatu. A yi salla, a ɗora ruwa, a dama koko, a yi wa yara wanka a shirya su makaranta, sa'an nan shara da wanke-wanke da wanki. Kafin a ɗago kai an ɗora sanwar rana. Yara su dawo, a ci, a sake shirya su Islamiyya, sai kuma tuwon dare. Wadda ke koyarwa ko aikin asibiti ko na ofis sai ta ɗora wannan a kan wancan, wadda ke gida kuma tana da ɗinki ko kitso ko ƙulle-ƙullen kayan miya da take rufa wa kanta asiri da su. Abin da ya rage wa alƙalami ɗan tsakani ne: bayan isha'i in yara sun yi barci, ko da hantsi in jariri ya ɗan runtsa. Waɗanda ke da abokiyar zama a cikinmu sukan ce cikin raha ranar da ba su da girki ita ce ranar aikin adabi. A irin wannan ɗan tsakanin muka yi rubutunmu, a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro, in an ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai, ƙafa ɗaya na jijjiga yaro.

Da farko mun yi ta jiran ranar da za mu sami wuni guda cur babu mai kiranmu. Da muka ga irin wannan rana ba ta cikin kalandar uwa, sai muka sake dabara. Muka lura cewa aikin gida hannu yake ci, ya bar zuciya a sake. Saboda haka muka mayar da wanke-wanke da tsintar shinkafa da tuƙin tuwo lokacin ƙulla labari. A nan ake shirya abin da wance za ta ce wa wane, a nan ake warware inda zare ya sarƙe. In jimla mai daɗi ta faɗo, sai a goge hannu a rubuta ta a kan abin da ya samu, bayan kalanda ne ko kwalin ganyen shayi, har bayan katin awo ya taɓa ɗaukar mana ƙarshen wani babi. Da dare ya yi sai dai kwafewa, ba sai an zauna ana cizon biro ba. Haka nan muka ware wani ɗan ƙaramin littafi muka rubuta sunan kowane ɗan wasa a labarin, da shekarunsa, da danginsa, da garinsu, domin in haihuwa ta raba mu da rubutu wata biyar, kada mu dawo mu mayar da ƙanwar miji ta zama yayarsa. Kuma muka koyi tsayawa a tsakiyar zance, inda muka san abin da zai biyo baya, domin gobe hannu ya kama da wuri.

Ga wani ɗan lissafi da ya kwantar mana da hankali. Shafi ɗaya a rana, kwana 5 a mako, a bar kwana biyu don rashin lafiyar yaro da baƙi da biki, a mako 40 an sami shafi 200. Mako 40 kuwa kowace uwa ta san shi, shi ne tsawon goyon ciki. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma fa kada a ɗauka kullum lissafin yana tafiya daidai. Akwai jego, kwana 40 na wankan ruwan zafi da kunun kanwa da 'yan barka, babu maganar takarda. Akwai watannin da jariri ke mayar da dare rana. Akwai haƙori, akwai ƙyanda, akwai zazzaɓin damina da ke bin yara ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ranar da muka fito daga wanka muka tarar ɗanmu na biyu, yana ɗan shekara uku, ya yage shafi 14 daga tsakiyar littafin, shi da yayarsa sun naɗe su jiragen ruwa suna tuƙawa a cikin baho. Ba a dukan yaro a kan abin da bai san darajarsa ba. Muka tsamo abin da ya tsamu muka shanya, tawada ta riga ta narke. Sai da muka yi mako uku kafin zuciya ta yarda ta sake rubuta wannan babi, da ya fito kuma sai ya zo a shafi 9, ya fi na farkon tsauri. Tun daga ranar rubutunmu ya koma cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, tare da takardun haihuwar yara.

Wahalar da ta fi ta lokaci ita ce ta idon mutane. Namiji in ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, sai a ce wa yara su yi shiru Baba yana aiki. Mace in ta zauna da takarda, sai a ga kamar zaman banza take yi, kowa ya kawo mata buƙatarsa. Suruka ta leƙo ta ce, "Wai ke har yanzu ba a gama makarantar ba ne?" Maigida kuma, ko mai fahimta ne, yana so ya san me ake rubutawa, kuma yana da hakkin ya sani. Mu dai abin da ya fisshe mu shi ne tun farko muka miƙa masa babi uku ya karanta, ya zama da saninsa da yardarsa, har daga baya shi yake sayo mana biro da takarda. Wasu ƙawayenmu ba su sami wannan sa'a ba, a ɓoye suke yi kamar masu laifi. Sa'an nan ga dangi, waɗanda da littafi ya fito kowa zai shiga neman kansa a ciki. In akwai muguwar kishiya a labarin, an ce da wance ake. In akwai azzalumin miji, an ce ta tona asirin gidanta. Maganin wannan shi ne kada a ɗauki mutum ɗaya sukutum a saka a takarda. A ɗebi hali a nan, a ɗebi magana a can, a sauya gari da sana'a, har ya zama mutumin labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Har sunan da za a sa a bangon littafi sai da ya zama abin shawara. Iyayenmu saboda alkunya ko sunan ɗan fari ba sa faɗa, yau ga shi marubuta mata da yawa da sunan 'ya'yansu aka san su, Maman wane ko Ummu wance, wasu kuma da sunan maigida. Kowace da dalilinta, kuma akwai sutura a ciki. Shawararmu dai ita ce, duk sunan da aka zaɓa a riƙe shi, domin mai karatu suna yake bi a kasuwa. Sunan da yarinya ta tashi da shi a gidan ubanta kuwa shi ne wanda babu abin da zai faru a rayuwa ya raba ta da shi.

A duk lokacin da gwiwa ta yi sanyi, mukan tuna cewa ba mu ne farau ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar 'ya'ya, mai riƙe da babban gida a zamanin yaƙi da ƙaura, amma ta bar rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis ke kai ilmi ga matan ƙauyuka. A fagen ƙagaggun labarai na boko kuwa an daɗe ba a ji muryar mace ba. Gasar da aka shirya a 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, duk maza ne suka fito a cikinta. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed bayan wata gasa da ya shirya, ita kuwa matar aure ce mai renon yara, cikin 'ya'yan da ta rena har da fitacciyar 'yar jarida Kadaria Ahmed. A 1984 Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta koma ta nemi ilmi da girmanta, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma daga cikin gidan aurenta ta rubuta Allura Cikin Ruwa da sauran littattafan da suka ratsa ko'ina a ƙasar Hausa.

In muka leƙa kudu, ga Buchi Emecheta, wadda ta bi mijinta Landan a 1962. Littafin farko da ta rubuta mijin ya cinna masa wuta. Ta fita da 'ya'ya huɗu da cikin na biyar tana da shekara 22, tana aiki tana karatu tana rubutu da sassafe kafin yara su tashi, har ta sake rubuta wancan labari da aka ƙona ya fito a 1976. Wani littafinta na 1974 ma ga 'ya'yan nata ta sadaukar da shi, ta kuma yaba wa hayaniyarsu. Idan aka dubi waɗannan bayin Allah, sai a ga babu wadda aka shimfiɗa wa tabarma aka ce zauna ki rubuta.

To an gama rubutu, saura ɗab'i, nan kuma wani sabon daji ne. Yana da kyau masu tasowa su san yadda aka yi marubucin Hausa ya zama shi ne mai buga littafinsa. Bayan da gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta masu tabbataccen ciniki. Marubuta suka ga in sun tsaya jira za su tsufa, sai suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya a Kano, suna kai aikinsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Wannan ne ya jawo muhawarar da aka yi ta tafkawa a jaridu a shekarun 1990, inda wasu manazarta suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. Daga nan ne kuma al'adar raba littafi kashi-kashi ta samo ƙarfi: a buga na ɗaya, cinikinsa ya buga na biyu, na biyu ya buga na uku.

Ga namiji wannan hanya wahala ce, ga uwa kuwa wahala biyu. Shi zai hau babur ya je wurin mai buga rubutu, ya zauna a kansa, ya wuce maɗaba'a ya ga irin takardar da aka sa. Mu kuwa sai aike. Ƙanenmu ne ya yi ta kai-da-kawo, ya kai littafi biyu ya karɓo shafukan da aka buga, mu duba da dare mu mayar. Mai buga rubutun ba ya sa ƙugiya a haruffa, sai ga shi inda muka ce ƙura ta tashi a tsakar gida ya zama kura ta tashi, inda aka ɗaure ɓarawo ya zama an daure. Sau uku muna bin rubutun layi-layi da jan biro. Muna roƙon kowace marubuciya, komai gajiya, kada ta yarda a kai aiki kan inji sai ta ga gyaran ƙarshe da idonta, kuma kada ta taɓa sakin kwafin da ba ta da na biyunsa.

Sai maganar kuɗi. Abin da mai maɗaba'a zai fara gaya miki shi ne kuɗin haɗa faranti ɗaya ne, ko kwafi 500 za a buga ko 5,000, saboda haka in an buga kaɗan kowane kwafi zai yi tsada, in an buga da yawa kuma jari ya kwanta. Zai kuma so yawan shafuka ya dace da ninkin takarda, wato takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Mu da adashi muka tara namu. Ranar da kwasarmu ta zo sai ta faɗo daidai da komawar yara makaranta, a lokacin kuma albashin maigida ya makale. Muka zauna da kuɗin a cinya, ga littafin shekara shida a akwati, ga yara biyu da za a koro gida. Babu wata doguwar shawara, makaranta aka kai. Muka sake shiga wani zubin, littafi ya ƙara shekara guda. Mun san wadda ta sayar da tunkiyar da ta yi kiwo, mun san wadda ta sayar da 'yan kunnenta na aure. Taura biyu ba ta taunuwa, amma in an tauna ɗaya aka ajiye ɗayar a inda ba za ta ɓata ba, ana dawowa gare ta.

Da littafi ya fito, sai kasuwa. Masu sayar da littattafai sukan karɓa bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan in an sayar, uwa kuwa ba ta da ƙafar zuwa bin bashi kullum. A nan ne wani ɗan kasuwa ya aiko mana da tayi, wai mu sayar masa da labarin ɗungurungum, ya ba mu kuɗi a dunƙule, ya riƙa bugawa yadda ya ga dama. Ga mai buƙata tayin yana da zaƙi. Abin da ya tsayar da mu shi ne wani dattijo a wannan ƙungiya da ya ce, "'Yata, gonar 'ya'yanki za ki sayar." Maganarsa kuwa tana kan doka. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, haƙƙin littafi yana nan muddin ran marubuci, ya kuma ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa, magada suna cin moriya. Dokar ta kuma ce mallaka wa wani wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka duk takardar da aka miƙo a sa hannu, a karanta ta, a nuna wa wanda ya sani, a ga ko kwafi nawa aka yarda a buga, na tsawon wane lokaci, nawa ne rabon marubuciya. Haka nan a nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, a kuma kai musu kwafi 3 da doka ta ce mai bugawa ya ajiye, domin ko bayan shekaru jikoki su sami inda za su ga aikin kakarsu.

Ƙannenmu na yanzu za su ce duk wannan tsohon zance ne, tun da wayar hannu ta zo. Gaskiya ne ta kawo sauƙi. Uwa tana shayarwa da hannu ɗaya tana rubutu da ɗayan, ta tura wa masu karatu ta WhatsApp ko Wattpad, su biya ta banki, ba ta taka ƙofar gida ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ita ma ta fito da matan da ba a san da su ba, kuma gajeren labari abu ne da mai goyo za ta iya kammalawa a 'yan makonni. Amma kowane allazi da nasa amanu. Masu karatun waya ba su da haƙuri, kullum suna jiran sabon shafi, in yaro ya kwana da zazzaɓi ba a tura ba sai ƙorafi ya cika waya. Wato yanzu littafin ma ya koyi kuka. Wannan gaggawa ita ke hana a bar rubutu ya kwana a sake dubansa, sai a tura shi ɗanye. Ga masu tura labarin da aka saya ga waɗanda ba su biya ba. Ga kuma rashin tabbas: dandalin OkadaBooks da marubuta da yawa suka zuba littattafansu a kai ya rufe a ƙarshen 2023. Waya takan faɗa ruwa, yaro yakan goge abin da aka yi wata uku ana rubutawa. Shawararmu ita ce a gama labari kafin a fara sakinsa, a ajiye kwafinsa a wuri biyu, a kuma riƙe burin ganin sa a takarda.

Kada a ɗauka reno cin lokacin rubutu kawai yake yi. Ya ba mu abin da ba a koyarwa a aji. Layin awo da na rigakafi makaranta ce ta jin yadda mata ke magana in babu namiji a kusa. Zaman jinya a ɗakin yara na asibiti ya nuna mana fuskar tsoro da ta haƙuri, ba sai mun ƙago ba. Tatsuniyar dare kuwa ita ce gwajin farko na mai ba da labari, domin yaro ba ya kara: in zance ya yi sanyi zai yi hamma ko ya tashi, in an tsallake wani abu zai ce ba haka aka faɗa jiya ba. Daga wurinsu muka koyi yanke surutu da riƙe zare.

Sun kuma ba mu ma'auni. An sha zargin littattafan Hausa da ɓata tarbiyya, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Mu ba mu yarda a yi wa marubuta kuɗin goro ba, kuma ba mu yarda cewa gyara yana nufin a rufe ido daga auren dole da sakin wulaƙanci da yaran da ake cirewa daga makaranta ba, domin waɗannan su ne ciwon da uwa ta fi kowa sani. Abin da muke tambayar kanmu a kan kowane shafi shi ne, ranar da 'yarmu ta kai munzali ta ɗauko littafin nan ta karanta, za mu iya haɗa ido da ita? In amsar i ce, to a faɗi gaskiya komai ɗacinta. 'Yar tamu da ta tuƙa jiragen takarda a baho, ita ce yau take fara karanta duk abin da muka rubuta, kuma ba ta raga mana.

Daga ƙarshe muna da 'yan roƙo ga shugabannin ƙungiya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na farko, a dubi lokacin taron wata. Taron da ake farawa bayan la'asar a tashi da magariba ya faɗa daidai lokacin tuwon dare, shi ya sa kujerun mata ke zama wayam. In an mayar da shi safiyar Asabar ko Lahadi, za a ga bambanci. Na biyu, kada a ɗaure fuska in jariri ya yi kuka a zauren taro. A tanadi tabarma a gefe, mai goyo ta zo da goyonta. Na uku, a kafa kwamitin duba rubutu wanda za a iya aika wa aiki daga gida, a mayar da shi da gyara cikin lokacin da aka yanka, a sa mata a cikinsa. Na huɗu, a yi adashin ɗab'i a ƙarƙashin ƙungiya, duk wanda kwasarsa ta zo a biya maɗaba'a kai tsaye, kuma ƙungiya ta wakilta mutum guda mai bin kuɗin mambobi a kasuwa. Na biyar, in mamba ta haihu, bayan barka da turmin atamfa, a sa wata ta riƙa leƙa ta bayan arba'in tana tambayar ina aka tsaya a labari. Sau da yawa wannan tambaya kaɗai ta isa ta sa a buɗe akwati.

Ke kuma ƙanwarmu da kike karanta wannan da yaro a cinya, kada ki yarda da masu cewa sai yara sun girma. Yara in sun girma sai aurar da su, daga nan sai jikoki, hidimar uwa ba ta da ranar sallama. Ki ba yaro haƙƙinsa cikakke, domin amana ne kuma ƙuruciyarsa ba ta dawowa, sa'an nan ki nemi shafinki ɗaya na yau ki rubuta. In yau bai samu ba, gobe ma rana ce. Sannu ba ta hana zuwa. Muna jiran ranar da za a aiko mana da katin ƙaddamar da littafinki, mu zo mu zauna a sahun gaba, mu riƙe miki goyon har ki gama jawabi.

Allah ya raya mana zuriya, ya yi wa alƙalumanmu albarka, amin.